Tsirya a Lambunan Landan: Me Ke Tattare da Ciyar da Baƙuwar da Ta Zama 'Yar Gari?

Duk wanda ya rataye mazubin gyaɗa a lambun gidansa a kudu maso yammacin Landan, a unguwanni irin su Richmond da Kingston da Twickenham, ba ya daɗewa yana jira kafin ya ji wani kuka mai kaifi yana tahowa daga sama, sannan ya ga tsuntsaye koraye shar, masu jan baki da doguwar jela, sun sauko su biyar ko goma a lokaci guda sun mamaye wurin. Bahaushen da ya tashi a karkara ba ya bukatar a gaya masa sunan wannan tsuntsuwa, domin tsirya ce, irin wadda ake gani tana ratsa sararin gonakin dawa da gero tun daga Senegal har zuwa Sudan, wadda kuma manomi ba ya murnar ganinta idan zangarniya ta fara nuna. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne ganinta a watan Janairu, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, tana lilo a jikin wani bututun raga da mai gida ya cika da abincin da ya saya da kuɗinsa domin tsuntsayen da ba nasa ba ne. A Ingila wannan al'amari ya zama abin muhawara, har maƙwabta kan saɓa a kansa. Wasu suna ganin ciyar da tsirya kyautatawa ce ga halittar Allah, wasu kuma suna ganin ƙara wa baƙuwa ƙarfi ne a kan tsuntsayen da ta tarar a ƙasar.

Tun a 1769 masanin halittu Giovanni Scopoli ya bayyana siffarta a rubuce, ya ba ta sunan kimiyya Psittacus krameri, wanda daga baya ya koma Psittacula krameri, domin tunawa da wani masanin halittu da ya yi aiki a Ostiriya mai suna Wilhelm Kramer. Jinsin ya kasu rassa huɗu, biyu a Afirka, biyu a Asiya. Reshen da Hausawa suka sani shi ne wanda ya bazu a tsirin ƙasar da ke kudu da Sahara, akwai wani a yankin Habasha, sannan akwai na kudancin Indiya da Siri Lanka, da kuma na Pakistan da arewacin Indiya da Nefal, wanda ya fi na Afirka girman jiki da kaurin baki. Tsawonta yakan kai santimita 40, amma fiye da rabin wannan tsawo jela ce, nauyinta kuma ba ya wuce giram 150. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi wa waɗanda ke zaune a biranen Turai ya nuna cewa akasarinsu daga rassan Asiya suka fito, musamman na Pakistan da arewacin Indiya. Ke nan tsiryar Landan 'yar'uwar tamu ce ta kusa, amma ba daga gonakinmu kakanninta suka tashi ba, kuma wannan bambanci yana da tasiri, domin reshen arewacin Indiya yana rayuwa har gindin tsaunukan Himalaya, inda dare kan yi sanyi ƙwarai.

Mutanen Landan suna da tatsuniyoyi game da yadda ta zo musu. Akwai masu cewa wani shahararren mawaƙi ɗan Amurka ne ya saki guda biyu a wani titin tsakiyar birni a ƙarshen shekarun 1960, akwai masu cewa daga wurin ɗaukar wani fim suka tsere a 1951, wasu kuma suna jingina abin ga guguwar watan Oktoba na 1987 da ta farfasa ɗakunan ajiye tsuntsaye. A 2019 wasu masu bincike, ciki har da na Jami'ar Queen Mary ta Landan, sun ɗauki dubban bayanan wuraren da aka ga tsuntsuwar cikin shekaru masu yawa, suka yi amfani da dabarar taswira irin wadda 'yan sanda ke bi wajen gano mazaunin mai laifi daga wuraren da ya yi ɓarna. Sakamakon bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin waɗannan labarai ba. Abin da ya nuna shi ne saki da tserewa a wurare barkatai, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Masu binciken sun kuma ja hankali ga tsoron zazzaɓin aku, cutar da ta bazu a ƙasashe da dama a 1929 da 1930 ta kashe mutane, har Birtaniya ta hana shigo da dangin aku a 1930, tsoron kuma ya sake tashi a farkon shekarun 1950. Mutumin da jaridu suka firgita shi game da tsuntsun da ke cikin kejinsa, abu mafi sauƙi a gare shi shi ne ya buɗe taga. An taɓa ganin tsirya ta yi sheƙa a Norfolk, gabashin Ingila, tun a 1855, amma zaman da ya ɗore ya fara ne a yankin Kent, kudu maso gabashin Landan, a 1969, kuma a 1983 aka shigar da ita cikin jerin tsuntsayen Birtaniya a matsayin baƙuwar da ta kafa kanta.

Daga nan yawanta ya riƙa ninkuwa. Wani makwanci guda a jikin bishiyoyin filin wasan rugbi na Esher, a yankin Surrey kusa da Landan, ya taɓa tara kusan 7,000. Ƙidayar makwantai da aka yi a 2012 ta ba da kimanin 32,000 a Landan da kewaye, ƙiyasin 2016 kuma ya ce akwai ma'aurata kusan 12,000 masu hayayyafa a ƙasar. Yanzu ana samunta a Manchesta da Bamingam, har ma da Gilasgo a Sikotilan. Ba Birtaniya kaɗai ba ce: a 1974 mai wani gidan namun daji a Burasels ya saki kimanin 40 domin su ƙawata birnin, zuriyarsu kuma yanzu dubbai ce, haka nan akwai garkuna a Amstadam da Kolon da Faris da Rum. Lissafin da aka yi a 2015 ya samu fiye da 85,000 a ƙasashe 10 na Turai. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da hanin na dindindin a 2007, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A nan ne mazubin abinci ya shigo cikin zancen. Sanyi kaɗai ba kasafai yake kashe tsuntsu mai ƙoshi ba. Abin da ke kashe shi shi ne haɗuwar sanyi da yunwa, domin a dogon daren hunturu jiki yana ƙone kitsensa ya samar da ɗumi, idan kuwa gari ya waye babu abin da zai mayar da abin da aka ƙone, kwana biyu ko uku sun isa. Birni yana rage wannan haɗari ta hanyoyi uku: ya fi karkara ɗumi saboda gine-gine da ababen hawa, wuraren shaƙatawarsa cike suke da bishiyoyin ƙasashe daban-daban da ke fure da 'ya'ya a lokuta mabambanta, sannan ga abincin da mutane ke zubawa. Wani bincike da aka yi a kewayen Faris, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa kaso mai tsoka na lokacin kiwon tsirya a mazuban gidaje take yin sa. Turawan Birtaniya kuwa ba ƙaramin kuɗi suke kashewa a wannan sha'ani ba. Ana ƙiyasta cewa kusan rabin gidajen ƙasar suna ciyar da tsuntsaye, abin da ake kashewa a shekara yana tsakanin fam miliyan 200 da miliyan 300, kuma wani lissafi ya nuna abincin zai iya ɗaukar nauyin tsuntsaye har miliyan 196, adadin da ya zarce na tsuntsayen lambu da ake da su. Al'adar da ta kai wannan girma ta wuce a kira ta sadakar tsaba kawai, domin tana sauya wanda zai rayu da wanda zai yawaita a cikin tsuntsaye.

Kallon tsirya a mazubi yana koya wa mai haƙuri abubuwa da dama da ba zai gani ba idan tana can ƙololuwar bishiya. Abu na farko da ido ke kamawa shi ne ƙafarta. Yatsunta huɗu ne, biyu suna duban gaba, biyu suna duban baya, kamar sauran dangin aku, don haka tana iya riƙe ƙwayar gyaɗa da ƙafa ɗaya ta kai baki tana tsaye a kan ɗayar, tana kuma iya rataye kanta a kife ta ci abinci ba tare da wata wahala ba. Bakin nata ma gaɓar hawa ne, da shi take kama waya ta ja jikinta sama. Idan ta samu ƙwaya mai ɓawo, takan juya ta da harshe mai kauri, ta fasa, ta zubar da ɓawon, duk cikin daƙiƙa kaɗan. Namijin da ya balaga yana da zobe a wuya, baƙi daga haɓa, ruwan hoda ta ƙeya, amma zoben ba ya cika sai ya doshi shekara uku, saboda haka wadda ba ta da zobe tana iya zama mace, tana iya zama kuma saurayin da bai kai ba, kuma masu sabon kallo sukan yi kuskure a nan su ɗauka mata sun fi yawa a garken.

Tana da lokaci kamar ma'aikaciyar gwamnati. Da sanyin safiya garkuna suna watsewa daga makwanci ɗaya da dubbai suka kwana a ciki, su bi hanyoyin da suka saba zuwa wuraren kiwo da ke nesa da kilomitoci da dama, da la'asar sakaliya kuma su sake cika ciki kafin su koma. Mai gidan da lambunsa ya faɗo a kan irin wannan hanya zai riƙa ganinsu kusan a sa'a guda kowace rana. Ba sa sauka kai tsaye. Ɗaya ko biyu za su fara zama a reshe mai tsawo suna dube-dube, sai sun tabbatar babu kyanwa ko shaho sannan saura su biyo baya, kuma ko a tsakaninsu akwai manya da ƙanana, wata tana ci wata tana jira tana ƙorafi. Daga ƙarshen Janairu ake fara ganin zawarci: namiji yana ɗaga ƙafa ɗaya, yana sunkuyar da kai, ƙwayar idonsa tana tsukewa tana buɗewa, sannan ya dawo da abinci daga maƙoshinsa ya ba macen a baki. Takan yi ƙwai uku zuwa huɗu a kogon bishiya, ta kwanta a kansu sama da mako uku, 'ya'yan su yi kusan mako bakwai kafin su tashi, don haka a farkon bazarar Turai ne ake ganin matasa masu gajeriyar jela sun biyo iyayensu zuwa mazubi. Wanda ya ga garke ya tashi gaba ɗaya cikin ihu, ya ɗaga kai sama, domin shahunan da ke sheƙa a dogayen gine-ginen Landan sun koyi cin tsirya, mujiya ma tana ɗaukarta da dare.

Abincin da ta fi so a mazubi shi ne gyaɗa da 'ya'yan sanfulawa, musamman waɗanda aka ɓare, da curin kitsen shanu da aka cuɗa da tsaba, da yankan tuffa. Game da gyaɗa akwai gargaɗin da manomin ƙasar Hausa zai fahimta fiye da Baturen Landan. Gyaɗar da ta sha danshi takan yi funfuna, funfunar kuma tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. A Ingila ma aka fara gano wannan guba, bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil. Shi ya sa ake sayen gyaɗar da aka gwada, a ajiye ta a busasshen wuri, a kuma zuba ta a bututun raga yadda tsuntsu zai riƙa gutsura, domin ƙwaya sukutum tana iya shaƙe ɗan tsakon da iyaye suka kai wa. Gishiri da cakulan da fiya duk suna cutar da dangin aku, burodi kuwa cika ciki ne kawai ba tare da amfani mai yawa ba.

Ƙorafin farko da ake yi a kanta shi ne tana hana ƙananan tsuntsaye cin abinci, kuma wannan ƙorafi yana da tushe. Masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan sun gwada shi a lambunan gidaje da dama, aka wallafa sakamakon a 2014. Sun riƙa ajiye tsirya mai rai a cikin keji kusa da mazubi, wani lokaci su ajiye maƙwaƙƙwafi ɗan ƙasar a madadinta domin kwatantawa, wani lokaci su kunna muryarta kawai. Sun samu cewa idan tana wurin, ƙananan tsuntsaye suna rage zuwa, waɗanda suka zo kuma suna ɓata lokaci wajen waige-waige maimakon ci. Abin lura a nan shi ne tana cikin keji, ba ta taɓa kowa ba, ganinta kaɗai ya isa. Sai dai abin da gwajin ya tabbatar shi ne sauyin hali a bakin mazubi. Bai nuna cewa yawan waɗannan tsuntsaye ya ragu a ƙasar ba, kuma masu ƙin tsirya sukan tsallake wannan tazara da sauri fiye da yadda hujja ta ba su dama.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne na kogon bishiya. Tsirya ba ta saƙa sheƙa, ramin da ta tarar take shiga, ta faɗaɗa bakinsa idan ya yi mata ƙunci, kuma da yake tana fara neman wuri tun tsakiyar hunturu, takan riga tsuntsayen ƙasar kama ramuka masu kyau. A Beljiyam an nuna cewa tana takura wani ƙaramin tsuntsu mai bin jikin bishiya, wanda sunansa na kimiyya Sitta europaea, har ta kai idan aka toshe wasu ramuka da gangan shi ne yake raguwa. Misali mafi tayar da hankali ya fito ne daga lambun María Luisa da ke birnin Sebiya a Sifaniya, inda wani nau'in jemage mafi girma a Turai yake zaune a kogunan bishiyoyi. Tsakanin 2003 da 2017 sheƙunan tsirya a lambun sun ninka sau 20, bishiyoyin da jemagun ke ciki kuma suka ragu da kashi 81 cikin 100, an ma ga tsirya tana kai musu hari har wasu suka mutu. Amma da masu bincike suka duba alƙaluman ƙidayar tsuntsaye na Ingila a 2011, ba su samu shaidar cewa ta rage yawan masu sheƙa a kogo ba, wataƙila saboda wuraren shaƙatawar Landan suna da tsofaffin bishiyoyi masu ramuka da yawa. Ke nan illarta ta dogara da wuri: inda ramuka suka yi ƙaranci tana cutarwa, inda suke a wadace ana zaman lafiya, aƙalla zuwa yanzu.

A ganina, muhawarar ta karkata ga tsirya fiye da kima saboda ita ce mai launi da hayaniya, alhali ɓarnar da aka fi tabbatarwa a bakin mazubi ba ta hannunta ta zo ba. A 2005 aka fara ganin wata cuta a tsakanin ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba a Birtaniya, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Trichomonas gallinae ke haddasawa, ƙwayar da aka daɗe da saninta a jikin tantabaru da kurciyoyi. Tana kumbura maƙogwaro har tsuntsu ya kasa haɗiya, sai ya zauna a kan mazubi gashinsa a tashe, yana ɗaukar tsaba yana furzar da ita jiƙe da yawu, na gaba ya zo ya ci. Tsuntsun da ta fi yi wa illa shi ne wani ɗan kore-kore da Turawan ke kira greenfinch. Cikin 'yan shekaru, zuwa 2009, yawansa ya faɗo daga kimanin miliyan 4.3 zuwa miliyan 2.8, kuma a 2021 aka sanya shi cikin jerin waɗanda halinsu ya fi tsananta. Babu wani tsuntsu a Birtaniya da aka nuna tsirya ta yi wa kwatankwacin wannan. Abin da ya yaɗa cutar shi ne tara tsuntsaye iri-iri a faranti ɗaya da kaskon ruwa ɗaya, kullum, ba tare da wanki ba, wato aikin masu kyakkyawar niyya. Har ta kai a farkon 2025 ƙungiyar RSPB, wadda ita ce babbar ƙungiyar kare tsuntsaye a ƙasar, ta dakatar da sayar da teburan ciyarwa masu shimfiɗaɗɗen kai saboda wannan dalili.

Wannan bai wanke tsirya daga batun cuta ba. An samu ƙwayar cutar da ke lalata baki da gashin dangin aku a jikin wasu daga cikin na Birtaniya, kuma tsoron irin wannan cuta yana cikin dalilan da suka sa tsibiran Seshel suka kawar da tsiryar da ta bazu a tsibirin Mahé baki ɗaya, domin su kare baƙin akunsu da babu irinsa a ko'ina. Sun yi nasara ne saboda tsuntsayen ɗaruruwa ne kawai a tsibiri guda. Wanda ya yi tunanin maimaita hakan a Landan, inda dubun-dubatar tsirya ke warwatse a lambunan mutanen da da yawansu ke ƙaunarta, bai yi lissafi da kyau ba.

Dokar Birtaniya ta tsaya tsakiya. Dokar kare namun daji ta 1981 ta ba tsirya kariya irin ta kowane tsuntsun daji, amma ita dokar ce kuma ta haramta sakinta ko barinta ta tsere daga keji. Daga Janairun 2010 aka saka ta cikin jerin tsuntsayen da mai gona a Ingila zai iya kashewa ƙarƙashin izini na gama-gari idan tana yi masa babbar ɓarna, musamman a gonakin 'ya'yan itace da na inabi, inda takan ɗanɗana wannan ta jefar ta koma wancan. Ciyar da ita a gida dai ba laifi ba ne. Manomin Indiya ko Pakistan, wanda tsirya ke cikin manyan abokan gabarsa a gonar masara da dawa da sanfulawa da gwaiba, zai yi mamakin wannan sassauci, kamar yadda namu manomin zai yi, ko da yake a wurinmu jan-baki ne ya fi ta ƙaurin suna. Amma ko a Indiya ba a rasa masu ciyar da ita ba: a birnin Chennai wani mai gyaran kyamara ya taɓa shahara da shimfiɗa jiƙaƙƙiyar shinkafa a kan rufin gidansa, tsirya dubbai suna sauka safe da yamma, al'adar da ya fara bayan ambaliyar teku ta 2004. Musulmin da ya san hadisin da ya ce duk abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum sadaka ce a gare shi ba zai ga baƙon abu a wannan hali ba.

Akwai kuma batun ciyarwa da hannu. A lambun Kensington da ke tsakiyar Landan, masu yawon buɗe ido sukan tsaya da yankan tuffa a tafin hannu, tsirya ta sauko musu a kafaɗa da ka, a ɗauki hoto a watsa a Instagram. Abin yana da ban sha'awa, amma bakin da ke fasa ƙwaya mai tauri yana iya tsaga yatsa, kuma ƙwayar zazzaɓin aku tana yaɗuwa ta busasshen kashin tsuntsu da ƙurar gashinsa, don haka wanke hannu wajibi ne. A gida kuma, wanda ya saba wa garke da zuwa kullum ya ɗauko wa maƙwabtansa ihu tun asuba, da kashi a kan mota da shanya, da ɓawon da ke zuba ƙasa yana kiran ɓeraye. Tsirya mai ɓarna ce wajen ci, abin da take zubarwa ba kaɗan ba ne, kuma yawancin rigimar maƙwabta a kan wannan zubar ake yinta.

Mai lambu da ke son ya ci gaba da kallonta ba tare da ya cutar da saura ba yana da hanya, kuma ba ta da tsada. Yakan raba wurin ci biyu: mazubi ɗaya a buɗe, can gefe, da gyaɗa ko tuffa domin tsirya, wani kuma a cikin kejin waya mai ƙananan ƙofofi da ƙaramin tsuntsu ke shiga amma tsirya da kuregen bishiya ba sa iyawa, a ajiye shi kusa da shinge mai duhuwa inda ƙananan za su iya fakewa. Dole kejin ya zama mai faɗi, domin wuyanta yana miƙewa fiye da yadda ake zato, kuma robar da ba ta da ƙwari ba ta jure bakinta. Yakan zuba abin da zai ƙare cikin yini ɗaya ko biyu, ya wanke mazuban kowane mako da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya bar su su bushe sarai tunda ƙwayar cutar maƙogwaro ba ta jure bushewa, ya sauya ruwan sha kullum, ya riƙa matsar da wurin ratayewa don kada ƙazanta ta taru a ƙasa guda. Abin da ya gani kuma yana da amfani idan ya rubuta shi, domin ƙidayar sa'a ɗaya da RSPB ke shiryawa a ƙarshen Janairu tun 1979, da rahoton mako-mako da ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO ke karɓa daga masu lambu, suna cikin hanyoyin da ake bin sawun yaɗuwar tsirya zuwa arewa, haka ma raguwar tsuntsayen da cutar ta kama.

Idan kuwa ya ga tsuntsu ɗaya a takure, gashi a tashe, baki jiƙe, yana ƙoƙarin haɗiya ya kasa, shawarar masana ita ce ya sauke mazuban duka, ya zubar da ruwan, ya bar lambun haka na tsawon mako biyu zuwa huɗu. Tsirya za ta zo da safe kamar yadda ta saba, ta zauna a reshenta ta yi ta kuka, bayan 'yan kwanaki ta tsallaka katanga zuwa lambun gaba ko ta koma kan tofon bishiyoyin wurin shaƙatawa, ƙananan tsuntsayen kuma su watse kowa ya nemi nasa a cikin shinge, inda mai ciwo ba zai furzar da tsaba a gaban mai lafiya ba.